Inda Katako Uku Suke Haɗuwa

Duk wanda ya ƙura wa kusurwar teburi ido zai ga katako uku sun taru a wuri guda: ƙafa ta taso daga ƙasa, sanduna biyu kuma sun zo daga gefe da gefe. Haɗa katako biyu ba ya ba kafinta wahala, domin sai ya fere harshe a bakin ɗaya, ya huda rami a jikin ɗayan, ya zura. Da na uku ya shigo sai lissafi ya rikice, saboda harsuna biyu suna neman mazauni a ciki ɗaya, kuma duk ramin da aka ƙara, ƙarfin ƙafar ake ragewa.

Haɗin harshe da rami tsohon abu ne a ƙasar Sin. A Hemudu, cikin lardin Zhejiang, inda aka fara tono a 1973, an samu katakan gini masu irin wannan haɗi waɗanda suka kai shekara 7,000, aikin mutanen da ba su san ƙarfe ba. Amma gwanintar kusurwa uku ta fi bayyana a zamanin daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Bayan da aka sassauta hanin cinikin teku a 1567, itatuwa masu tauri irin su huanghuali da zitan suka yawaita a hannun kafintoci, musamman a yankin Suzhou. Irin wannan itace yana jure sassaƙa siririya ba tare da ya tsage ba, shi ya sa aka iya yin haɗin da ake kira zongjiao sun, wanda ya samo sunansa daga ƙunshin shinkafar da Sinawa suke naɗewa a ganye mai kusurwoyi.

A waje haɗin ba ya nuna komai. Kowane katako an yanke bakinsa a karkace, daidai digiri 45, har layuka uku su taso daga fuskoki uku su haɗu a ɗigo ɗaya. A ciki ne dabarar take: kan ƙafar yana ɗauke da harsuna biyu, dogo da gajere, domin kowanne ya kauce wa harshen da yake ratsowa daga gefe. Babu ƙusa. Haɗin yana da rauninsa, gaskiya ce, tunda ramuka sun cunkushe a wuri guda, kuma idan katakon ya cika siranta sai kusurwar ta ba da kai. Kafintan Ming ya san iyakar da zai tsaya, sai dai a hannunsa sanin yake, ba a takarda ba. Sai a 1944 ne wani Bajamushe, Gustav Ecke, ya wallafa littafi a Beijin mai zane-zanen awo da Yang Yao ya yi, sannan Wang Shixiang ya biyo da nasa a 1985, har na nesa ya ga abin da kusurwar ta daɗe tana ɓoyewa.

A tsakanin littattafan nan biyu wani abu ya faru a Amurka wanda ba don katako aka yi shi ba. John Parsons, mai masana'antar fikafikan jirgi mai saukar ungulu a Michigan, ya yi tunanin a riƙa sarrafa injin yanka da lambobi. Rundunar sojan sama ta ba da kuɗi, kuma a 1952 cibiyar MIT ta nuna injin farko mai karɓar umarni daga tef mai huji-huji. Ƙarfe yake yanka. Shekaru suka shuɗe kafin ’ya’yansa, waɗanda yanzu ake kira CNC, su yi arahar da za su shiga shagon kafinta.

Da suka shiga, an zaci kwafar tsofaffin haɗe-haɗe kawai za su yi. Nan gizo yake saƙa. Bakin injin zagayayye ne, juyawa yake yi, don haka ba ya iya fitar da lungu mai kaifi a cikin rami. Kullum sai ya bar ɗan lanƙwasa daidai da kaurinsa. Ƙari a kan haka, injin da aka fi samu daga sama kawai yake saukowa, ba ya leƙa ƙarƙashi yadda kurfin kafinta yake yi. Wasu suka koma ƙara ɗan huji a kowane lungu, abin da ake wa laƙabi da ƙashin kare saboda siffarsa. Yana aiki, amma a ganina muni ne, kuma yana rage wurin da katako yake taɓa katako. Jochen Gros na makarantar zane ta Offenbach a Jamus ya bi wata hanya a shekarun 1990: shi da abokan aikinsa suka sake fasalin haɗe-haɗe hamsin domin su dace da halin injin, maimakon a tilasta wa injin halin hannu.

A 2020 Maria Larsson da abokan bincikenta a Jami'ar Tokyo suka fito da manhajar Tsugite, kalmar da take nufin haɗin katako a Japananci. Manhajar tana raba wurin haɗuwar zuwa ƙananan murabba'ai masu kauri, uku a tsaye, uku a kwance, uku a zurfi, wato 27, mai zane yana raba su tsakanin katakan. Yana cikin zanen take gaya masa ko haɗin zai zuru, ko wani yanki ya rabu da uwarsa, ko kuwa wani ɗan harshe ya gitta jijiyar itace har zai ɓalle. Lungun da injin ya kasa kaifafawa kuma, sai ta lanƙwasa kishiyarsa a ɗaya katakon su rungumi juna.

Duk da haka gwajin ƙarshe a kan benci ake yin sa. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, kuma a faɗinsa yake motsi, ba a tsawonsa ba. A kusurwa uku jijiyoyin suna fuskantar ɓangarori uku, kowanne yana ja nasa. Saboda haka mai injin yakan yanka samfuri, ya zura, ya ji ko ya yi tsauri ko sako-sako, ya rage ko ya ƙara abin da bai kai kaurin farce ba, ya sake yankawa. A watan Disamba na wannan shekara ta 2020 hukumar UNESCO ta sanya sana'o'in ginin katako na gargajiya na Japan a jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, waɗanda da su ake gyaran wuraren ibada irin su Horyuji da ke Nara, wanda katakansa suke tsaye fiye da shekara 1,300.