Mai Tsaya wa Yaro a Gaban Shari'a: Tarihin Al'amarin a Arewacin Nijeriya

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san cewa shari'a magana ce, wanda bai iya ta ba kuwa ya kan rasa hakkinsa ko da gaskiya na wajensa. Magidanci mai furfura ma ya kan ruɗe in an tsai da shi ana yi masa tambaya, balle yaro ɗan shekara goma sha uku wanda ya kwana uku a hannun 'yan sanda. Abin da wannan takarda za ta bi diddiginsa shi ne, wa ke tsaya wa irin wannan yaro in an tuhume shi da laifi, tun daga zamanin Daular Sakkwato har zuwa yau. Mai karatu zai ga cewa dokokin da ke sassauta wa yaro ba su taɓa yin ƙaranci a Arewa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai miƙe ya tuna wa kotu da su.

Kafin zuwan Turawa

Alƙalan ƙasar Hausa da Borno suna hukunci ne da mazhabar Imam Malik, littattafan da su ka fi dogara da su kuwa su ne Risala, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfatul Hukkam. A wannan tafarki balaga ita ce iyaka. Wanda bai balaga ba ba a tsai da haddi a kansa, ba a yi masa ƙisasi. In ya kashe rai, ko da gangan ne, hukuncinsa hukuncin kuskure ne, diyya sai ta hau kan danginsa na wajen uba. Iƙirarin da ya yi a kan kansa ba hujja ba ne. Abin da ke kansa shi ne ladabtarwa gwargwadon hankalinsa. In alamun balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance a mazhabar shi ne sai ya cika shekara 18 sa'an nan a lissafa shi cikin baligai.

Malaman sun san halin yara sarai. Sun yarda a karɓi shaidar yara a junansu game da rauni, amma da sharaɗin ba su watse ba tukuna, babba kuma bai shiga tsakaninsu ba, domin an san yaro ya kan faɗi abin da aka sa masa a baki. Har wa yau akwai i'izari, watau kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ko yana da suka ga shaidun da aka kawo.

To, amma i'izari tambaya ce, tambaya kuwa sai da mai amsawa. Yaro bai san yadda a ke sukar shaida ba. Sabo da haka waliyyinsa ke tsaya masa, uba ko wasiyyi, shari'a kuma ta halatta a naɗa wakili mai iya husuma. Yaron da ke da uba a gari, ga dangi, ga mai unguwa da ya san gidansu, yana da bakin da zai yi masa magana. Maraya, da bawa, da almajirin da ya zo daga nesa, su kam rabonsu ya rataya ne ga ilmin alƙali da tsoron Allahnsa kaɗai.

Turawa sun rufe wa lauya ƙofa

Da Gwamna Lugga ya kafa mulkin Ingilishi a Arewa daga 1900, sai ya bar kotunan alƙalai da majalisun sarakuna a ƙarƙashin En'e, ya ajiye Razdan da Di'o su riƙa duba littattafan shari'a. Lauya, irin wanda ya yi karatu a Ingila, an hana shi shiga waɗannan kotuna. An ma hana shi shiga kotunan lardi inda Turawan mulki ke zama da kansu. Hujjar da aka riƙa bayarwa ita ce lauyoyi su kan hura wutar ƙararraki su cinye dukiyar talaka, kuma ga Di'o nan zai gyara duk kuskuren da aka yi. A gyaran da Gwamna Kamaru ya yi a 1933 an rushe kotunan lardi, aka kafa Babbar Kotu da kotunan majistare inda lauya ke iya tsayawa, amma kotunan En'e, inda mafi yawan shari'un jama'a ke zuwa, su ka ci gaba da zama a rufe gare shi.

Ko da an buɗe ƙofar ma, babu masu shiga. Ba a sami ɗan Arewa lauya ba sai a 1955, sa'ad da Alhaji Abdulganiyu Abdulrazak na Ilori ya gama karatunsa a London. Sauran lauyoyin da ke Kano da Jos da Kaduna baƙi ne, kuɗinsu kuwa ya fi ƙarfin manomi.

Kotun yara da zancen alƙali uba ne

Ra'ayin keɓe wa yara kotu daga waje ya zo. A birnin Chicago na Amurka aka fara kafa ta a 1899, Ingila ta bi da dokarta ta 1908, ta sabunta a 1933. Daga wannan ta 1933 aka ɗebo Dokar Yara da Matasa ta 1943, wadda aka fara aiki da ita a Ikko, inda yaƙin duniya na biyu ya cika tituna da yara marasa mafaka. Jihar Arewa ta yi tata a 1958.

Manufar dokar kyakkyawa ce. Ba a zaman shari'ar yaro a bainar jama'a, a kan kira iyayensa su halarta, ba a haɗa shi da manyan masu laifi wajen tsarewa, jami'in kula da walwalar jama'a ya kan kawo rahoton halin gidansu, maimakon gidan yari kuma sai a kai shi gidan horo. Irin wannan gida na manyan yara shi ne wanda aka kafa a Kakuri ta Kaduna a farkon shekarun 1960. Sai dai a ƙarƙashin tsarin akwai wani zato, watau tun da kotu gyaran yaro ta ke nema, mai shari'a kamar uba ya ke gare shi, ɗa kuwa ba ya bukatar lauya tsakaninsa da ubansa. Don haka dokar ba ta ɗora wa hukuma nauyin samo masa mai kare shi ba.

A can inda ra'ayin ya samo asali, aibin wannan zato ya fito fili. A 1964, a jihar Arizona, an kama wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Gerald Gault bisa zargin ya yi wa wata maƙwabciyarsu maganar batsa ta waya. Matar ba ta zo kotu ba, ba a rantsar da shaida ba, babu lauya. Mai shari'a ya tura shi gidan horo har ya kai shekara 21, watau shekara shida, alhali da babba ne ya yi laifin, iyakarsa tarar dala 50 ko ɗaurin wata biyu. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin, ta ce yaron da za a iya raba shi da 'yancinsa yana da hakkin a sanar da shi tuhuma, ya sami lauya, ya yi wa shaidu tambaya, kuma kada a tilasta shi ya yi shaida a kan kansa. Tausayin da ba shi da ƙa'ida ya kan fi hukunci zafi.

Dokar Arewa ta 1958 tana da wani ɓangare da ya nuna cewa dokar kare yara ta kan zama sanda. Ta haramta wa yaran da ba su kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, a daidai lokacin da gaba tsakanin NPC da NEPU ta yi tsanani. An ƙalubalanci wannan sashe a Babbar Kotun Jihar Arewa a 1960, kotu ta tabbatar da shi.

Final Kod da Tsarin Mulki

Gab da samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta gayyato wani kwamitin masana shari'a a 1958, a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka sami dokar laifuffuka da a ke kira Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960 tare da dokar yadda a ke gudanar da shari'ar laifi. Sashe na 50 ya ce abin da yaro ƙasa da shekara bakwai ya aikata ba laifi ba ne, haka kuma wanda ke tsakanin bakwai da goma sha biyu in hankalinsa bai kai ya gane abin da ya ke yi ba. An kuma hana yanke hukuncin kisa a kan wanda bai kai shekara 17 ba.

A nan ma'auni ya sauya daga balaga, wadda a ke ganewa da alamu, zuwa shekaru, waɗanda sai da takarda. Yawancin yaran Arewa kuwa ba a rubuta ranar haifuwarsu ba. Sai ya zama duk wannan sassauci ya rataya ga tambaya guda, shekarunsa nawa, amsarta kuma sau da yawa ɗan sandan da ya kama yaron shi ke rubuta ta. Mai iya musa wannan rubutu, ya nemo iyaye ko ya roƙi likita ya duba, shi ne lauya, ga shi kuma dokar 1960 ta sake hana shi shiga kotunan alƙalai. Tsarin Mulkin 1960 da na 1963 sun ba kowa hakkin ɗaukar lauya, amma su ka yi togaciya game da waɗannan kotuna. Ko da aka karɓe su daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki a 1968, hanin bai tashi ba.

Buɗe ƙofa

Abubuwa biyu su ka kawo sauyi. A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, aka sabunta dokarta a 2011. Sa'an nan Tsarin Mulkin 1979 ya zo ba tare da waccan togaciya ba, kotuna kuma su ka yanke cewa hana lauya shiga kotun yanki ya saɓa masa. Wannan hakki yana nan a sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Hakkin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, a 2003 kuma Majalisar Tarayya ta yi Dokar Hakkin Yara, wadda ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ta ba shi hakkin lauya har da na kyauta, ta tanadi kotun iyali. Da ya ke al'amarin yara na jihohi ne, sai kowace jiha ta yi tata, jihohin Arewa da dama kuwa sun daɗe suna muhawara, Kano ba ta sa hannu a tata ba sai a 2023.

Amfanin lauya ya bayyana bayan da wasu jihohi su ka maido da dokokin laifi na shari'ar Musulunci daga 2000. A shekarar nan wata kotu a Tsafe ta jihar Zamfara ta yanke wa wata yarinya, wadda ba ta kai shekara 18 ba, hukuncin bulala bisa laifin zina, ba ta da lauya a wajen shari'ar. An yi mata bulala 100 a Janairun 2001, masu neman ɗaukaka mata ƙara ba su gama shiri ba. Amma Safiya Husaini a Sakkwato a 2002, da Amina Lawal a Katsina a 2003, waɗanda manya ne kuma hukuncinsu ya fi nauyi, sun kuɓuta a kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci, domin lauyoyinsu sun buɗe littattafan Malikiyya sun nuna inda kotun ƙasa ta tsallake ƙa'ida. Hujjojin suna nan cikin littattafan tun da daɗewa, mai ɗauko su aka rasa a Tsafe.

Haka a Kano, a watan Agusta na 2020, wata babbar kotun shari'ar Musulunci ta ɗaure wani yaro shekara goma bisa zargin kalaman saɓo. Da lauya ya ɗaukaka ƙara, Babbar Kotun jihar ta sallame shi a Janairun 2021, ta yi la'akari da ƙuruciyarsa da kuma rashin mai kare shi tun farko. A ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan zanga-zangar watan Agusta. A cikinsu akwai yara da dama daga Arewa waɗanda su ka yi wata uku a tsare, huɗu su ka yanke jiki su ka faɗi a gaban joji. Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Mai gabatar da ƙara ya ce ai duk manya ne, watau tsohuwar tambayar nan ta shekaru ta sake dawowa. Bayan kwana uku Shugaban Ƙasa ya ba da umurni a sake su.

Abin lura ga malamai

A tsawon wannan tarihi an ɗora kare yaro a kan waliyyi, sa'an nan Di'o, sa'an nan jami'in walwala da mai shari'a mai tausayi. Kowannensu ya yi amfani, amma ban da waliyyi duk suna da wani aikin da ya sha gaban yaron, waliyyi kuwa ba kowane yaro ke da shi kusa ba, ba kuma kowane ya san doka ba. Lauya ne kaɗai wanda ba shi da wani aiki a kotu sai na wanda a ke tuhuma. Matsalar da ta rage ita ce lokacin da ya ke isowa, domin a misalan da aka kawo ya kan iso ne bayan an rubuta iƙirari an yanke hukunci.

Malamin makaranta yana da rabo a nan fiye da yadda ya ke zato. Rijistar da ya ke rubuta sunan yaro da shekarar haifuwarsa a ranar ɗauka, sau da yawa ita ce takarda guda da za ta iya nuna wa kotu cewa wanda ke tsaye a gabanta bai kai shekara 18 ba. Ya kamata ɗaliban kwalejojin horon malamai su san haka kafin a danƙa musu wannan littafi.