Mizanin Batir a Ƙasar Arewa

Sa'ad da na shiga koyon gyaran rediyo a Dogon Dutsi, a rumfar maigidana da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni, ba mu da wani mizani na sanin ƙarfin ƙaramin batir in ban da harshe da ƙwan tocila, shi kuwa batirin mota, wanda asalinsa ke komawa ga Bafaranshen nan Gaston Planté a 1859, sai a zuƙo ruwansa da ma'aunin gilashi, in nauyinsa ya kai 1.28 a yi masa hukuncin cika. Allah ya jiƙan maigidana, bai taɓa sallamar mutumin Matankari ko na Tibiri da batir ba sai ya auna shi a gabansa, domin a wurinsa awo amana ne.

Daga baya mita ta zo, faifan hasken rana ya bazu a ƙauyukan Dallol Mawri, muka riƙi bolt tamkar shaida adali: a batirin mota 12.6 cikakke ne, abin da ya gaza 12 kuwa ya doshi mutuwa.

Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, shi ya raunana wannan shaida da ya iso mana cikin salula, balle nau'insa mai ƙarfe da ake haɗawa da faifan rana yanzu, wanda yakan tsaya kusa da bolt 3.2 tun yana da sauran ƙarfi har ya kusa ƙarewa, ta yadda mai dogara da mita ba shi da komai a hannu sai zato. Na ɗanɗani ɗacin wannan a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, na harhaɗa wa wata makarantar allo fitilu da aisin TP4056, wanda aikinsa kawai ya cika batir zuwa bolt 4.2 ya sauya launin ɗan haskensa, alhali bai san adadin abin da ya rage a ciki ba. Fitilun suka riƙa ɗaukewa almajirai na tsakiyar tilawa, laifin kuwa nawa ne.

Daga nan na fahimci cewa mazhaba biyu ce a fannin aisin da ke auna abin da ya rage a batir. Akwai irin MAX17043, wanda ke duba bolt ya yi ƙiyasi da sifar batirin da aka ajiye masa, ba ya bukatar ƙarin kaya, yana kuma da sauƙin ɗorawa. Akwai kuma irin BQ27441 na Texas Instruments, wanda ke zaune kamar ma'aji a bakin rumbu, yana ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fita ta wata 'yar ƙaramar rezista, yana lura da zafi da tsufan batirin, ko da yake sai ka sanar da shi girman batirin daidai kafin lissafinsa ya inganta.

A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, inda mafi yawan batiran da ke zuwa hannunmu an ciro su ne daga tsofaffin kwamfutoci, ni dai ma'ajin na zaɓa. Ya ku samarin rumfunan gyara, kafin ku sayi aisi a Maraɗi ko Kano, ku fara tabbatar da nau'in batirin da zai yi gadi.