Gasar Scotties: inda larduna ke neman kambin matan Kanada a wasan kurlin

Gasar Scotties, wadda masu magana da Faransanci a Kanada ke kira Tournoi des Cœurs Scotties, wato gasar zukata, ita ce gasar ƙasa ta mata a wasan kurlin. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, galibi cikin watan Fabrairu lokacin da sanyi ya kankama, tana ɗaukar wajen kwana goma, kuma kowace shekara wani gari ne daban ke karɓar baƙuncinta. Hukumar Curling Canada ce ke shirya ta. Ƙungiyar da ta ci kofin ita ke wakiltar ƙasar a gasar duniya ta mata cikin watan Maris, sannan ta dawo baɗi kai tsaye don kare kambinta, ba da sunan lardinta ba, da sunan Kanada.

Yadda ake wasan

Wanda ya taɓa tsayawa kallon petank a Yamai ko Damagaram ya riga ya san rabin kurlin, don lissafin maki iri ɗaya ne: ƙungiyar da ta fi kusa da tsakiya ita kaɗai ke samun maki, kuma tana samun maki ɗaya a kan kowane jifa nata da ya fi na abokan hamayya kusa. Bambancin yana wajen fili da kayan wasa. A kurlin filin ƙanƙara ne, tsawonsa wajen mita 45, faɗinsa bai wuce mita 5 ba. A kowane ƙarshe akwai da'irori masu launi da ake kira gida, faɗinsu mita 3.66. Abin jifan kuma dutse ne mai mariƙi a sama, nauyinsa tsakanin kilo 17 da kilo 20, kuma ba a ɗaga shi: ƴar wasa takan durƙusa ta sulala da shi a kan ƙanƙarar, ta sake shi. Duwatsun manyan gasanni daga wurare biyu ake saro su, tsibirin Ailsa Craig a Sikotland da ma'adinin Trefor a yankin Wales.

Kowace ƙungiya mata huɗu ce, kowace mace jifa biyu, wato duwatsu 16 ke nan a turmi guda idan an haɗa ɓangarorin biyu. Wasa turmi goma ne. Kyaftin ita ke tsayawa a gida tana nuna inda za a aje dutse, kuma yawanci ita ke jifa biyun ƙarshe, shi ya sa ake kiran ƙungiya da sunanta.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne shara. Kafin wasa ana yayyafa wa ƙanƙarar ruwa, ɗigon ya daskare ya zama ƙananan ƙuraje, a kansu ne dutsen ke tafiya. Mai jifa tana ɗan murɗa mariƙin, sai dutsen ya riƙa lanƙwasa a hanya maimakon ya miƙe. Mata biyu na bin sa da buroshi mai dogon sanda suna goge gabansa da ƙarfi. Gugar na rage tirjiya, dutsen ya ƙara nisa, lanƙwasarsa ta ragu. Ihun da ake ji a talabijin umarnin kyaftin ne: a goge, ko a bari. Ƙungiyar da ke da jifan ƙarshe a turmi ita ke da riba, kuma da ta ci maki sai jifan ya koma hannun ɗaya ɓangaren. Don haka sau da yawa kyaftin kan gwammace a tashi turmi babu maki da ta karɓi maki ɗaya tak ta rasa wannan damar.

Asali da sunaye

A Sikotland wasan ya samo asali tun ƙarni na 16, ƴan ƙasar da suka yi ƙaura suka kai shi Kanada, inda aka kafa kulob na farko a Monreyal a 1807. Maza sun samu gasarsu ta ƙasa, Brier, tun 1927. Mata sai a 1961 aka yi tasu ta farko, a Otawa, ƙungiyar Joyce McKee ta lardin Saskacewan ta ci.

Sunan gasar ya riƙa bin mai ba da kuɗi. Da farko kamfanin shaguna na Dominion ne, daga 1972 zuwa 1979 kamfanin taba na Macdonald. A 1982 kamfanin takarda na Scott Paper ya karɓa, bisa ƙoƙarin Robin Wilson, tsohuwar zakara da ke aiki a kamfanin, aka raɗa mata Scott Tournament of Hearts, da tambarin zukata huɗu, ɗaya ga kowace ƴar wasa. Sunan Scotties na yanzu ya fara a 2007, kuma sunan takardar goge hanci ne da kamfanin Kruger ke yi. Sunan ba shi da wani kwarjini, amma haɗin ya wuce shekara 40, abin da ba a cika gani ba a wasannin mata.

Su wa ke shiga

Tushen gasar wakilcin yanki ne, kamar yadda jihohi ke aika ƴan kokowarsu neman takobi. Kanada na da larduna goma da yankunan arewa uku, Yukon, Arewa maso Yamma da Nunavut. Arewacin Ontariyo kuma yana da kujerarsa daban tun 2015. Kujeru 14 ke nan, kuma kowace sai an yi gasar cikin gida kafin a san mai zama a kai. Zakarun bara su ne na 15, tsarin da aka fara a 1986. Sauran uku ana ba ƙungiyoyin da suka fi maki a jadawalin ƙasa. Tun 2021 adadin ya tsaya a 18, rukuni biyu na tara-tara, kowa ya kara da kowa a rukuninsa.

A matakin ƙarshe, idan saura ƙungiyoyi huɗu, ana bin tsarin Page: manyan biyu su kara, wadda ta ci ta wuce wasan ƙarshe, wadda ta faɗi kuma ba ta fita ba, tana jiran wadda ta yi nasara tsakanin ta uku da ta huɗu. Tun 2020 kuɗin kyauta ya daidaita da na maza, jimilla dalar Kanada 300,000, wato wajen sefa miliyan 120 zuwa 130, ana rabawa tsakanin ƙungiyoyin.

Manyan sunaye

Vera Pezer ta Saskacewan ta ci sau uku a jere, daga 1971 zuwa 1973. Daga lardin nan kuma Sandra Schmirler ta fito, wadda ta ci a 1993, 1994 da 1997, kowane karo ta haɗa da kofin duniya, sannan ta ɗauki zinare a Nagano a 1998, shekarar da kurlin na mata ya fara shiga wasannin Olamfik a hukumance. Ciwon daji ya kashe ta a watan Maris na 2000 tana da shekara 36. Gidauniyar da ke ɗauke da sunanta tana sayen kayan asibiti don jariran da aka haifa bakwaini ko cikin mawuyacin hali, kuma a lokacin gasar ake tara mata kuɗi ta talabijin.

Kyaftin biyu ne suka kai kofi shida, dukansu Jones, amma ba dangi ba ne. Colleen Jones ta Nova Skoshiya ta ci na farko a 1982 tana da shekara 22, ta jira shekara 17 kafin na biyu a 1999, sannan ta kwashe huɗu a jere daga 2001 zuwa 2004. Jennifer Jones ta Manitoba, lauya, ta ci a 2005, 2008, 2009, 2010, 2015 da 2018, ta kuma ɗauki zinare a Sochi a 2014 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Kofinta na farko shi ne aka fi tunawa. A turmi na goma na wasan ƙarshe a St. John's, Ontariyo na gaba da 6 da 4, dutsenta na zaune a tsakiyar gida a ɓoye. Jones ta auna wani dutsen Ontariyo da ke wajen gida, nata ya buge shi ya karkato ciki, ya fitar da na tsakiyar. Maki huɗu a jifa guda, wasa ya tashi 8 da 6.

Shekarun baya-bayan nan na mata biyu ne. Kerri Einarson ta garin Gimli a Manitoba ta haɗa ƙungiya a 2018 da mata huɗu waɗanda kowace kyaftin ce a da, lamarin da aka yi zaton ba zai ɗore ba. Suka ci huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023, har da na 2021 da aka yi a Calgary babu ƴan kallo saboda korona. A wasan ƙarshen shekarar nan Rachel Homan ta Ontariyo ce ta kara da ita, ɗauke da cikin wata takwas. Homan ta ci a 2013, 2014 da 2017, ta dawo ta ci a 2024 da 2025, duka biyun ba ta faɗi wasa ko ɗaya ba, ta kuma haɗa da kofin duniya a shekarun biyu.

Kebek, lardin masu Faransanci, sau ɗaya ya taɓa ci, a 1975, da ƙungiyar Lee Tobin. Marie-France Larouche ta kai wasan ƙarshe a 2004, Colleen Jones ta tare ta.

Lardi ko ƙwarewa

Gardamar da ba ta mutuwa a kan gasar ita ce: bikin larduna ce, ko hanyar zaɓen ƙungiyar da za ta iya cin duniya? A da amsar ɗaya ce, don Kanada ta fi kowa yawan ƴan wasa da filaye. Amma tsakanin 2012 da 2023 ƙasar Suwis ta ci kofin duniya na mata sau takwas, huɗu daga ciki a hannun ƙungiyar Silvana Tirinzoni, Kanada kuma sau biyu kawai, a 2017 da 2018. Ƙananan ƙasashe na zuba kuɗi da horo a kan ƙungiya ɗaya ko biyu shekara da shekaru, Kanada kuwa tana iya barin ta biyu da ta uku a ƙarfi a gida don sun fito daga lardi ɗaya.

Hukumar ta gwada rage masu rauni: daga 2015 zuwa 2017 ƙungiyoyin da ke ƙasan jadawali sai sun yi zagayen share fage, wasu su koma gida tun kafin a buɗe gasar. An yi ta ƙorafi, aka soke tsarin a 2018, aka zaɓi ƙara kujeru maimakon ragewa. An kuma sassauta dokar zama: ƙungiya na iya ɗaukar mace ɗaya daga wani lardi, kuma mace na iya wakiltar lardin da aka haife ta ko da ba a can take zaune ba. Sakamakon ya fito fili a 2024, inda huɗu daga cikin ƙungiyoyi 18 ƴan Manitoba ne.

Wannan gyaran ya ƙarfafa saman gasar, amma ya faɗaɗa tazara tsakanin masu yawon manyan gasanni duk shekara da matan da ke zuwa horo bayan sun tashi daga aiki. Duk da haka na biyun ba ƴan rakiya ba ne. Krista McCarville, malamar makaranta a Thunder Bay wadda ba ta cika zuwa gasannin kuɗi ba, ta kai arewacin Ontariyo wasan ƙarshe a 2016 da 2022. A 2022 ɗin ne kuma Kerry Galusha ta garin Yellowknife, bayan shekaru masu yawa tana zuwa tana komawa, ta tsallake matakin rukuni da ƙungiyar yankin Arewa maso Yamma.