Kujerar Odita-Janar a Jihar Pensilbaniya

A yawancin ƙasashen duniya, naɗa mai binciken kuɗin gwamnati ake yi. Jihar Pensilbaniya ta Amurka kuwa ta daɗe da barin wannan hanya. A 1809 majalisar dokokin jihar ta kafa ofishin odita-janar, kuma shekara 41 gwamna ne ke ɗora wanda ya ga dama a kan kujerar. Sai a 1850 aka mayar da ita hannun masu jefa ƙuri'a. Hujjar a fili take: wanda gwamna ya ba abinci, da wuya ya leƙa aljihun gwamna ya faɗi abin da ya gani.

Aikin ba na ado ba ne. Odita-janar ke bin diddigin kuɗin da jiha ke ba makarantu, da asusun fansho na ƙananan hukumomi, da ma'aikatu. Wa'adinsa shekara huɗu ne, ba ya wuce biyu a jere, kuma ana zaɓensa rana ɗaya da shugaban ƙasa, abin da ya sa hayaniyar babban zaɓe kan danne nasa.

Amma 'yan siyasar jihar sun san darajar kujerar, don tsani ce. Robert Casey ya riƙe ta daga 1969 zuwa 1977, ya zama gwamna a 1987. Ɗansa Bob Casey ya hau ta a 1997, daga nan ya zama ma'ajin jiha, ya zarce majalisar dattawa a 2007. A tsakanin uba da ɗa ne aka yi abin kunya. Al Benedict, wanda ya gaji Casey babba, ya shekara takwas yana binciken wasu, ashe a ofishinsa ana sayar da guraben aiki. Daga baya ya amsa laifi a kotun tarayya, aka ɗaure shi. Ƙuri'a ce ta kawo shi, har sau biyu, ba naɗi ba, kuma masu yabon tsarin zaɓen ba su cika son a tuna musu da haka ba.

Zaɓen 3 ga Nuwamba 2020 shi ya fi jan hankalina. Eugene DePasquale ya cika wa'adi biyu, kujera ba mai ita. 'Yan Dimokurat suka tsayar da Nina Ahmad, haifaffiyar Bangaladash, tsohuwar mataimakiyar magajin garin Filadelfiya. 'Yan Rifablikan suka fito da Timothy DeFoor, baƙar fata, mai kula da asusun gundumar Dauphin, wanda ya yi yawancin rayuwar aikinsa yana bankaɗo zamba. A ranar Joe Biden ya ci jihar da ƙuri'a kusan 80,000, amma Ahmad, 'yar jam'iyyarsa, ta sha ƙasa. Ke nan dubban mutane sun dangwala wa Dimokurat a saman takarda, suka sauko ƙasa suka ba ɗan Rifablikan makullin bincike, alhali gwamnan jihar, Tom Wolf, ɗan Dimokurat ne. Ni dai ina ganin da gangan wasunsu suka yi.

DeFoor ne ɗan Rifablikan na farko da ya hau kujerar tun saukar Barbara Hafer a 1997. A 2024 ya sake cin zaɓe, ya kayar da Malcolm Kenyatta, ɗan majalisar jiha daga Filadelfiya.