Kwarin Abu Ɗalib da Mutum Biyar da Muke Mantawa



Jiya bayan Isha'i, a masallacin makaranta, wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya ya ce min shi fa a Kudun nan ba ya yarda da duk wanda ba Musulmi ba. Ban ja da shi ba, labarin Kwarin Abu Ɗalib na ba shi.

Kwarin nan a Makka yake, dab da Harami. A shekara ta 7 bayan aiko Annabi (SAW), Ƙuraishawa suka rubuta takarda suka rataye a cikin Ka'aba: ba ciniki, ba auratayya da Banu Hashim da Banu Muɗɗalib sai sun miƙa musu Annabi. Dangin biyu suka tattara a kwarin, Musulminsu da wanda bai musulunta ba. Abu Lahab, baffan Annabi, shi ya ware ya bi Ƙuraishawa. Kusan shekara 3 aka yi ana cin ganyen itace, kukan yara har wajen kwarin ake jin sa.

To su wa suka taimaka? Hakim bn Hizam yana satar hanya ya kai wa gwaggonsa Nana Khadija hatsi. Hisham bn Amr kan loda wa raƙumi abinci da daddare, ya kora shi cikin kwarin. Shi ne kuma ya bi Zuhair bn Abi Umayya, Muɗ'im bn Adiyy, Abul Bakhtari da Zam'a bn Aswad ɗaya bayan ɗaya, har su biyar suka tsaya a gaban Ka'aba suka ce sai an yaga takardar. A lokacin ba Musulmi ko ɗaya a cikinsu. Da aka duba, gara ta riga ta cinye ta, sai sunan Allah. A shekara ta 10 aka fito, a shekarar kuma Abu Ɗalib da Nana Khadija suka rasu.

Ni ma na ga ƙaramin misali. A zangona na farko na digiri na biyu kuɗina suka ƙare ƙarƙaf. Matar da ke sayar da abinci a bakin gidan da nake haya, Kirista ce, wata guda tana ba ni bashi, wallahi ko sau ɗaya ba ta yi min tuni ba.

Na ce wa ƙanin nan ya riƙe addininsa da kyau, ya kula da kansa, amma kada ya yanke wa mutum hukunci kafin ya ga halinsa.

Allah Ya haɗa mu da mutanen kirki a duk inda muke.