Baƙin Idi: tarihin Kiristocin da ba su zuwa majami'a sai ranar biki

Kowace shekara, a daren 24 ga watan Disamba da kuma safiyar Ista, majami'un Turai kan cika maƙil, har wasu su tsaya a bakin ƙofa. Mako guda bayan haka sai kujeru su koma wayam. Mutane da dama na ɗaukar wannan a matsayin cutar zamani, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Mai zuwa majami'a sau ɗaya a shekara ya girmi zamaninmu da ƙarnoni masu yawa, kuma majami'ar da kanta ce ta yanka masa gurbi cikin dokokinta.

Kafin shekarar 313, lokacin da sarkin Rum Konstantin ya halatta addinin Kirista, shiga wannan addini kasada ce da ke iya kai mutum ga rasa dukiya ko rai. Bayan 380, da sarki Tiyodosiyus ya mai da shi addinin daula, sai jama'a suka kwararo, kowa da irin niyyarsa. Ba a jima ba malamai suka fara kokawa. Yahaya Kirisostom, wanda ya yi wa'azi a birnin Antakiya daga 386 zuwa 397, ya sha zargin masu sauraronsa da cewa suna cika majami'a ranar idi, sauran ranaku kuwa filin tseren dawaki da gidan wasa ke janye su.

Da wa'azi ya gaza, sai aka koma ga doka. A shekarar 506 shugabannin majami'a suka taru a garin Agde, kudancin Faransa ta yau. Suka yanke cewa duk wanda bai karɓi Jibin Ubangiji ba a Kirsimeti da Ista da Fentikos, kada a lissafa shi cikin mabiya Katolika. Suka kuma wajabta wa masu ƙananan ɗakunan ibada a gonakinsu da su zo babbar majami'a a manyan idodi. Ashe cunkoson ranar biki ba daga raggon bawa kaɗai ya samo asali ba, doka ce ta tattaro mutanen ƙauye wuri ɗaya.

Shekara ɗari bakwai bayan haka, sau ukun ma ya yi wa jama'a nauyi. A 1215 Paparoma Inosan na Uku ya kira babban taron Latran na huɗu a birnin Rum. Doka ta 21 ta wannan taro ta wajabta wa kowane baligi, namiji ko mace, ya furta zunubansa ga limamin unguwarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jibi aƙalla a lokacin Ista. Wanda ya ƙi, a hana shi shiga majami'a yana raye, in ya mutu a hana shi jana'izar Kirista. An kafa dokar ne don ta zama mafi ƙarancin abin da ake nema, amma ga yawancin talakawa sai ta zama iyakar abin da ake yi. Daga nan ne Faransanci ya samu kalamin nan « faire ses Pâques » da ɗalibanmu ke cin karo da shi a littattafai, wato sauke faralin shekara. Kundin dokokin Katolika na 1983 bai soke wannan wajibi ba.

A ƙarni na 20 masana suka soma ƙidaya. Gabriel Le Bras, tun daga 1931, ya rarrabe masu zuwa kowace Lahadi da masu zuwa Ista kaɗai, da kuma waɗanda ba a gani sai ranar baftisma, aure ko jana'iza. Taswirar da Fernand Boulard ya fitar a 1947 ta nuna cewa Biritaniyar Faransa da Alzas sun riƙe ibada da ƙarfi, yayin da Limuzan da karkarar da ke kewaye da Paris suka yi sanyi. Masanin tarihi Guillaume Cuchet, a littafinsa na 2018, ya nuna cewa babbar karaya ta auku ne wajajen 1965. A lokacin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Faransawa ke zuwa majami'a kowace Lahadi. Bayan haka iyaye suka daina matsa wa ƴaƴansu, furta zunubi ya ja baya, faralin Ista ya bi sahu.

Darasin a bayyane yake. Shekara fiye da dubu da ɗari biyar malamai suna yi wa baƙon idi faɗa, amma muddin yana zuwa, yana riƙe da igiyar: ya san waƙoƙin, ya kawo ƴaƴansa, su ma sun gani. Majami'ar Faransa ba ta girgiza ba don yana zuwa sau ɗaya a shekara, ta girgiza ne ranar da ya daina zuwa gaba ɗaya. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. Duk wata al'umma, ta addini ce ko ƙungiyar raya al'adu, da ke hararar wanda ba ta gani sai ranar biki, ya kamata ta tuna cewa zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ta tako sau ɗaya ta fi wadda ta manta hanya.