Ciwon Baya a Yola: Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Gwajin Jini

Maganin ciwon baya tsohuwar sana'a ce a Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. Cikin Hausawan da fatauci ya kawo suka zauna a Yola da Jimeta akwai wanzamai da maɗora, kuma har yau ana neman su a unguwanni irin su Yolde Pate. A wurinsu, ciwon da ke riƙe ƙugu da gadon baya sunansa sanyin ƙashi ko amosani. Wanzami kan yi tsaga ya kafa ƙaho don a zuƙe abin da ake kira mataccen jini, a gida kuma a gasa wurin da ruwan zafi, a shafa man kaɗanya.

Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a 1901, maganin asibiti ya shigo, ya rarrabe cututtukan da a da suke amsa suna ɗaya. Akwai zaizayewar gaɓoɓi ta tsufa, akwai tarin fuka da ke cin ƙashin baya, akwai kuma kumburin gaɓoɓin ƙashin baya. Wannan na ƙarshe Bechterew ya bayyana shi a Rasha a 1893, Strümpell a Jamus a 1897, Pierre Marie a Faransa a 1898. Yakan kama mutum kafin shekara 45. Baya kan sandare da safe, motsi ya sassauta shi, zama ya tsananta shi, idan ya daɗe ƙasusuwan su manne da juna. A 1973 aka gano alaƙarsa da alamar gado mai suna HLA-B27. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 1997 kan Fulanin Gambiya ya sami alamar a jikin kusan kashi 6 cikin 100, amma bai sami mai cutar ko ɗaya ba, abin da ya nuna alamar kaɗai ba ta haifar da ita.

Batun bitamin D, da ake dangantawa da kumburin ƙashin baya, ya samo asali ne daga cutar da ke lanƙwasa ƙafafun yara. A 1919 Huldschinsky ya warkar da ita a Balin da hasken fitila mai irin ƙarfin rana, a 1922 kuma McCollum ya raɗa wa sinadarin suna a Amurka. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, kuma baƙar fata ta fi buƙatar lokaci. Bincike da dama na baya-bayan nan sun nuna masu kumburin ƙashin baya sun fi samun ƙarancinsa, kuma ƙarancin kan zo tare da tsananin ciwo. Masana na ci gaba da muhawara kan wanne ke jawo wanne, domin ciwon da kansa yana zaunar da mutum a ɗaka.

Arewacin Najeriya ya ba da nasa darasi. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalilin lanƙwasar ƙafafun yaran yankin, ba ƙarancin bitamin D ba. Saboda haka ba a yanke hukunci kan ciwon ƙashi da ka. Matashin da bayansa ke sandarewa da safe fiye da wata 3 yana buƙatar hoton ƙashi da gwajin jini a wuri irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, domin ƙaho ba ya hana ƙashi mannewa.